Yadda Haladu Ɗan Faransa Ya Hau Hawan Maciji

Kun taɓa ganin mutumin da ya fi kowa gudu a kan keke alhali yana zaune a kan benci? In ba ku taɓa gani ba, to ba ku zo Gindin Dutse ba, ba ku kuma sha shayi a teburin Baba Sallau ba. A nan Haladu Ɗan Faransa yake zama kullum bayan la'asar.

Haladu mai sayar da tayoyin babur ne a bakin kasuwa. Gajere ne kakkaura, da tumbi irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Shekarun baya ya taɓa ɓacewa daga gari. Wasu suka ce Maraɗi ya je saro taya, wasu suka ce Agadas. Shi kuwa da ya dawo cewa ya yi daga Faransa yake, kuma ba zaman banza ya yi a can ba, tseren keke ya yi da Turawa a kan duwatsun da ƙanƙara ke rufewa. Tun daga ranar sunan ya manne masa.

Da na gama hidimar ƙasa na dawo gida, na lallaɓi Baba Sallau ya riƙa kamo mana tashar da ke nuna tseren keke na ƙwararru. Da farko dariya aka yi ta yi mini, wai ƙarti da gemu su zauna suna kallon masu keke. Ba a jima ba kuwa abin ya kama mutane. Irin wannan gasa kwanaki ake yi ana yin ta, tafiyar kowane yini ana ce mata zango. Ranar da zango zai ƙare a kan dutse kuwa, ko wurin tsayuwa ba ka samu, domin a nan ake gane namiji: hanya ta miƙe tsaye, ayari ya tarwatse, kowa ya koma shi da ƙafafunsa. Har ƙungiya muka kafa ta masoya keke.

To a irin wannan rana ce Haladu ke baje kolinsa.

"Kai! Wannan yaron bai iya ba," in ji shi, yana nuna talabijin da kofin shayi. "Dubi yadda yake miƙewa a kan feda kamar an sa masa ƙaya a sirdi. Ni a wannan kwanar na taɓa wuce wani Bature ina ɓare gyaɗa."

"Wannan kwanar dai, Malam Haladu?" in ji wani daga cikinmu.

"Ita! Ga ma bishiyar nan. Ta ƙara girma."

Uwani mai masa, wadda ke da kasko a gefen teburin, taubashiyarsa ce, don haka ita kaɗai ke da lasisin faɗa masa abin da ta ga dama. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Taubashi, jiya ma a Italiya ka ga bishiyar nan. Ita ma tseren take yi?"

Aka fashe da dariya. Shi ko a jikinsa. Ya ce mata ba su san harkar wasanni ba.

Ana nan sai ga labari kamar a mafarki. Wata gasar ƙwararru da za ta zagaya jihohi za ta biyo ta garinmu, kuma zango mafi wuya zai ƙare a ƙolin Hawan Maciji, wannan da ke saman kanmu. Wanda bai san Hawan Maciji ba, hanya ce da ta nannaɗe dutse kwana bayan kwana. Tirela in ta shiga sai ta riƙa kuka kamar saniyar da aka raba da ɗanta. Akuya ma in ta kai tsakiya sai ta tsaya ta yi tunani.

Gari ya ɗauka. Aka daina musun ƙwallo, aka koma musun wa zai fara isa sama. Wasu suka ce wani siririn yaro ɗan Iritiriya, wasu suka ce ɗan Ruwanda, masu kishin gida suka tsaya a kan wani yaro ɗan Jos. Muka jiƙa farar ƙasa muka rubuta sunayensu ɓaro-ɓaro a kan kwalta kamar yadda muke gani ana yi. Har tsofaffi suka fara tambayar wace kwana ce ta fi tsayi, don a can suke so su shimfiɗa tabarma.

Sai masu shirya gasar suka yi wa ƙungiyarmu karamci. Suka ce mu fitar da mutum ɗaya da zai hau dandamali ya sanya wa gwanin hawa rigar girmamawa, a gaban jama'a, a gaban kyamarar talabijin. Mu duka hankalinmu ya tafi kan Baba Sallau. Shi ne babba, talabijin ɗinsa muke kallo, man janaretonsa muke ƙonawa.

Haladu ya ajiye kofi, ƙwas!

"Ai wannan ba abin tattaunawa ba ne. Baba, da girmanka da komai, ka taɓa hawan wani abu da ya fi bencin nan tsawo?"

Baba Sallau ya yi murmushi ya ci gaba da juya madara.

"Rigar gwanin hawa, gwanin hawa ke sanya ta. In wani ya hau dandamalin nan ba ni ba, an ci mutuncin keke!"

Uwani ta juya masa a kasko, ta goge hannu a zani. "To ai da sauƙi, taubashi. Ba muna gani a talabijin ba? Ranar tsere masoya kan hau dutsen da kekunansu tun da hantsi, su jira gwanaye a sama. Kai ma hau. In ka iso ƙoli a kan kekenka kafin a fara raba kyauta, dandamali naka ne. In ba ka iso ba, Baba ya hau."

"Hawan Maciji? Wannan ɗan tudun?" Ya kwashe da dariya har tumbi na rawa. "A Faransa irin wannan yara ke hawa su tafi makaranta!"

"To an gama?"

"An gama! Kuma ku ji da kyau. Na ga kuna sha'awar wannan ɗabi'ar banza ta tura mai keke daga baya. Duk wanda ya taɓa ni da sunan turi, ban yafe ba, duniya da lahira."

Jama'a suka ce sun shaida.

Abin da ya biyo baya, ƙanin matarsa Ilu, direban akori-kura, shi ya ba mu labari daga baya da bakinsa. Haladu ya same shi a tasha ya ja shi gefe.

"Ilu, ka san kwana ta farko, inda dutse ke kare mutum daga gari?"

"Na sani, Yaya."

"Ranar tsere ka jira ni a can. Mu jefa keke a baya, in kwanta ka rufe ni da tamfol. Kafin kwanar ƙarshe ka sauke ni, in watsa ruwa a fuska, in ƙarasa."

"Yaya, in aka gan mu fa?"

"Wa zai gan mu? Hanyar da ko kare ba ya bi da rana?"

Ranar tsere ta zo. Da hantsi Haladu ya fito, gari ya tsaya cak. Riga ce ruwan ɗorawa tela ya matse masa ita har cibiya na leƙowa. Gajeren wando ya kama cinya kamar fatar ganga. A ka hular kwano ta 'yan acaba. A baya ya manna lamba da ya yanko daga kwali, wai haka ƙwararru ke yi. Keken kuwa na tsere ne siriri da ya samo a gwanjo, da ya hau sai sirdin ya ɓace gaba ɗaya.

Uwani ta ɗauko masu kalangu musamman. Suka saki kiɗa. Mata suka rangaɗa guɗa. Haladu ya ɗaga hannu kamar ɗan takara, ya taka feda, ya miƙa da ƙarfinsa, domin a lissafinsa wahalar ba ta wuce kwana ɗaya ba.

Ya sha kwanar farko. Sai ya ga abin da bai taɓa kawowa a ransa ba.

Mutane! Dama da hagu, a kan duwatsu, a kan bishiyoyi, har inda ido ya ƙare. Ƙauyuka sun juye a kan Hawan Maciji tun da sassafe. Masu rake, masu tsire, masu lema, tsofaffi a kan tabarmi. Hanyar da ko kare ba ya bi ta zama kasuwa. Akori-kura kuwa babu ko ƙurarta.

Waya ta yi ƙara a aljihun baya. Ya lalubo ta keke na tangaɗi.

"Ilu! Kana ina?"

"Yaya, ina gindin gada. Sun rufe hanya tun asuba. Wai ranar tsere ba motar da ke hawa sai tasu."

"Ka ce musu mara lafiya za ka ɗauko!"

"Na faɗa, Yaya. Suka ce wane ne, na ce kai ne, suka ce ai yanzu suka ga ka wuce da kiɗa."

Ɗif, waya ta mutu a hannunsa. Jama'a kuwa da suka ga mutum da riga mai haske da lamba a baya, sai wuri ya kaure.

"Faransa! Faransa! Faransa!"

Ba damar juyawa, masu kalangu na bayansa. Ba damar sauka ya tura, ido dubu na kansa. Haladu ya sunkuya ya taka. Ƙiiit. Ƙiiit. Sarƙa na kuka, shi ma yana kuka a ciki. Ya murɗa giya yana neman mai laushi, sai ya faɗa mai tauri. Keke ya fara saƙa hanya, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai neman allurar da ta faɗi.

Ga Uwani a gefensa da tiren masa a ka, a ƙasa take tafiya. Ta tsaya ta sayar wa wani masa, ta zuba masa yaji, ta gaisa da wata ƙawarta, ta tambayi lafiyar yara, ta taho. Sai ga ta ta sake kamo shi.

"Taubashi, in jira ka ne, ko in yi gaba?"

"Ɗu... ɗumama jiki... nake."

"Ai kuwa ya ɗumama. Har hayaƙi nake gani."

Samari suka shiga yin abin da suka koya a talabijin. Suna gudu a gefensa, ko in ce suna tafiya, suna kwarara masa ihu a kunne. Wani ya sheƙa masa ruwan sanyi a ƙeya, shaaa! Ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Wani bawan Allah mai tausayi ya ga idon mutum ya fara juyewa, ya kai hannu zai tura shi.

"Kul!" in ji Uwani. "Kada ka jawo wa kanka! Ya ce bai yafe ba, duniya da lahira."

Mutumin ya janye hannu da sauri.

Haladu ya juyo da kai da ƙyar, murya kamar ta sauro. "Na yafe... wallahi na yafe..."

"Me ya ce?" in ji masu kalangu.

"Ya ce ku ƙara wuta!" in ji Uwani.

Kalangu ya ɗau zafi.

A kwana ta uku ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Haladu ya zame daga kan keke, ya tsaya yana rawar sanyi cikin rana tsaka. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Zan... kama ruwa. Ku yi gaba. Yanzu zan wuce ku."

Ya ja kekensa ya shige bayan wani ƙaton dutse. Muka ɗan jira. Shiru. Can ƙasa kuma muka fara jin jiniya, alamar 'yan tsere sun kusa. Wa zai tsaya gadin mai kama ruwa? Muka ruga sama neman wurin kallo.

Shi kuwa yana bayan dutse a kwance rigingine, yana kallon shaho na shawagi yana tunanin ko shi ake jira. Sai ya ji gari ya ɗauki ihu. Ya leƙo. Babura suka wuce. Sai ga wasu yara biyu sirara kamar karan dawa, fuuu! Suna hawa da gudun da shi ko a gangare bai taɓa yi ba. Sai wasu, sai wasu, sai motoci ɗauke da kekuna a kai. Jama'a suka bi su a guje zuwa sama. Kafin ka ce me, hanya ta yi tsit, sai ɓawon rake.

Can sai ga wata farar bas tana tahowa a hankali ita kaɗai, da tsintsiya ɗaure a samanta.

Bari in yi muku bayani. A tseren ƙwararru akwai motar da ke zuwa a ƙarshen kowa, ana ce mata motar tsintsiya. Aikinta ta sharo waɗanda suka gaza. Duk wanda ya shige ta ya fita daga gasa, kuma ba a sauke shi sai a layin ƙarshe. Ɗan tsere ya gwammace ya rarrafa da ya shige ta. Talabijin ba ta cika nuna ta ba, don kyamara na gaba tare da gwanaye. Amma duk wanda ya taɓa manna lamba a bayansa da gaske, ko sau ɗaya ne, ya san ta kamar yadda ya san makara.

Haladu ya ga tsintsiya ya ce, "Alhamdu lillahi, masu shara!"

Ya fito da kekensa yana ɗaga hannu. Bas ta tsaya. Wani jami'i mai rigar leda mai ƙyalli ya sauko, ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi lambar.

"Ka gaza?"

"Wa? Ni? A'a, ɗan'uwa. Ɗan rage mini hanya za ku yi zuwa kwanar ƙarshe."

Jami'in ya zagaya bayansa. Ya fizge lambar, kyat! Ya ɗora keke a baya, ya tura shi ciki, ya ja ƙofa, garam!

A ciki akwai 'yan tsere biyu, sun yi laƙwas. Ɗaya gwiwarsa a kurje. Ya dubi Haladu da mamaki, ya yi masa magana da Faransanci.

Haladu ya gyara zama. "Wi."

Yaron ya sake cewa wani abu.

"Wi, wi."

Yaron ya juya harshe zuwa Hausa tsantsa, ashe ɗan Damagaram ne. "Baba, na tambaye ka ko mota ce ta buge ka, ka ce e. Na tambaye ka ko ka rasu, ka ce e."

Haladu ya mai da kai taga.

Da aka doshi kwanar ƙarshe ya buga jikin mota. "Direba, akwai! A nan zan sauka!"

"Wannan ba motar haya ba ce," in ji direba. "Sai a layi."

"Wane layi? Kai, tsaya! Ka san ko ni wane ne?"

"Wanda aka sharo."

"Don girman Allah, ɗan'uwa. Zan ba ka taya sabuwa dal, kyauta!"

"Ta mota?"

"Ta babur."

Direba ya ƙara wa rediyo murya.

Mu kuwa a sama mun sha kallo. Ɗan Iritiriya da ɗan Ruwanda suka taho kafaɗa da kafaɗa, baki a buɗe, keke na lilo a ƙarƙashinsu, mutane na ihu har dutse na amsawa. A taku na ƙarshe ɗan Ruwanda ya wurga kekensa gaba ya sha da rabin taya. Tsofaffin da ba su taɓa hawa keke ba suka yi ta rungumar juna. Ɗan Jos ya zo na biyar, muka ɗaga shi sama kamar shi ya ci.

Aka gyara dandamali. Wani daga cikin masu shirya gasa ya zo ya ce, "Ina wakilinku?"

Baba Sallau ya ce, "A ɗan ƙara masa lokaci. Alkawari muka yi."

Muka zuba wa kwanar ƙarshe ido. Sai mai sanarwa ya ɗauki lasifika.

"Jama'a, ga motar tsintsiya nan ta iso! A tafa wa waɗanda dutse ya fi ƙarfinsu!"

Aka ɗau tafi, raf-raf-raf. Bas ta zo ta tsaya daidai gaban dandamali. Mai kyamara ya matso. Aka ja ƙofa. Ɗan tsere na farko ya fito. Ɗan Damagaram ya fito yana ɗingishi. Sai shiru. Jami'in ya leƙa ciki ya ce, "Malam, fito mana, an iso." Shiru. Ya miƙa hannu ya jawo.

Tumbi ya fara fitowa. Sai hular kwano.

Wuri ya yi tsit, har kana jin tutoci na kaɗawa. Sai wani mai kalangu, Allah ya shirye shi, ya ɗan taɓa: kiɗin-kiɗin.

Haladu ya share gumi, ya gyara murya, ya dubi kyamara. "Jama'a, kada ku yi mini mummunar fahimta. Na kusa isowa, sai na ga yaran nan sun karaya. Shi ne na shiga in ba su shawara irin ta manya."

"Gaskiya ne, ya ba ni shawara," in ji ɗan Damagaram, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ya ce in ɓoye shi a ƙarƙashin kujera, in ce kayan gyara ne."

Wayyo! Mutane suka zube. Wani tsoho sai da aka riƙe shi kada ya gangara. Mai kyamara kansa kafaɗarsa rawa take. Baba Sallau ya gyara hularsa, ya hau dandamali a natse, ya sanya wa ɗan Ruwanda riga, suka yi musabaha, aka ɗauki hoto.

Haladu na tsaye a ƙasa yana hura hanci. "Zalunci ne! An rufe hanya ba a sanar da ni ba! Ni na ce sai na hau dandamalin nan, kuma sai na hau!"

Uwani ta sauke tirenta. Ta taka tayar bas, ta kwance tsintsiyar, ta zo ta ɗan rusuna ta miƙa masa da hannu biyu.

"Za ka hau, taubashi. Bari dai su sauka. Ƙungiya ce ke da sharar wuri."

Tun ranar ba mu sake ganin ƙeyarsa a teburin shayi ba. Kekensa kuwa masu gasa sun sauke mana shi, yana nan jingine a bayan bencin Baba Sallau yana tare hanya, kaji sun fara kwana a kai. Don haka ina roƙonku, duk wanda ya biya ta bakin kasuwar Gindin Dutse ya leƙa shagon taya, ya gaya wa Haladu ya zo ya ɗauki kekensa. In ya ce ba shi da lokaci, ku ce ya zo ya hau kawai, Uwani ta yarda ta tura shi har gida, ya dai faɗa a gaban jama'a cewa ya yafe.